Koyar da Sana'a ga Marasa Gata: Me Ya Sa Horon Ba Ya Zama Abin Yi?

Da wuya wata ya wuce ba a ji sanarwa a rediyo cewa an yaye mata ko matasa ɗari kaza da aka koya wa sana'o'in hannu ba. A kafa rumfuna, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da kayan aski, babban baƙo ya miƙa takardun shaida, a ɗauki hoto, a watse. Gwamnatin jiha tana yi, ɗan majalisa yana yi da sunan aikin mazaɓa, matar gwamna tana yi, ƙungiyoyin agaji ma haka. Abin da ba a cika sanarwa ba shi ne, cikin waɗanda aka yaye bara, mutum nawa ne suke cin abinci da sana'ar a bana. 'Yan kasuwa sun san wani ɓangare na amsar, domin kekunan nan da yawa wurinsu suke komawa, a kan rabin kuɗi, wani lokacin ko ledarsu ba a cire ba.

Kafin a zagi wadda ta sayar da kekenta, a duba lissafinta. Bazawara ce mai 'ya'ya huɗu. Wata uku aka yi ana koya mata, su biyar a keke ɗaya. Ta iya miƙe layi, amma ba ta kai ta sa almakashi a atamfar mutane ba, kuma babu matar da za ta ɗauki turmin atamfarta na salla ta miƙa wa 'yar koyo. Ba ta da shago, ba ta da kuɗin zare da shafi, ga yaro kwance ba lafiya. Keken da ke ajiye a lungun ɗaki bai kawo ko sisi ba, mai saye kuwa yana bakin zaure da kuɗi a hannu. Ko wanda ya shirya horon ne a matsayinta, abin da zai yi ke nan.

Ƙasar nan ba ta taɓa rasa shirye-shirye ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, tun 1971 aka kafa shi, kuma doka ta ɗora wa kamfanoni su riƙa zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. A ƙarshen 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya fara cizo, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDE, wadda babban aikinta shi ne tura matasa wurin masu sana'a su koya. Obasanjo ya zo da NAPEP a 2001, Jonathan da YouWiN da SURE-P, Buhari da N-Power a 2016 mai biyan masu digiri naira 30,000 a wata, gwamnatin Tinubu kuma da 3MTT a 2023 don koyar da fasahar kwamfuta. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, an buɗe cibiyoyi sama da 20, daga ta koyon tuƙi da kiwon kaji har ta gyaran tarbiyyar masu shaye-shaye da ke Ƙiru. Kowace gwamnati da sunan da take raɗa wa nata. Mafi yawansu kuwa mai takardar makaranta, mai wayar da zai cike fom ta intanet, mai asusun banki, shi suka fi kamawa. Gurgu da kurma da gardi da wanda ya fito daga gidan yari, waɗanda ake ambata a jawabin buɗe taro, su ne na ƙarshe a layi.

Akwai wani abu game da kasuwar aiki a nan da dole a fahimta kafin a ci gaba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. An yi ta cece-kuce a kan wannan, amma alƙalumman da suka fi muhimmanci wasu ne: sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da fansho, a kasuwa da gareji da gona suke. A Jamus, idan an horar da matashi, akwai masana'antar da ke jiran sa, sau da yawa ma a cikinta ya yi koyon. A nan, wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna inda masaƙu suka taɓa ɗaukar dubban mutane, zai ga ƙofofi nawa ne a garƙame. Ke nan wanda aka yaye ana sa ran ya zama ma'aikaci, ya zama mai jari, ya zama mai neman ciniki, duk shi kaɗai, a rana guda. Mai lafiya da gata ma wannan kaya ya yi masa nauyi.

Masu bincike sun auna abin. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, inda aka kwatanta waɗanda aka horar da takwarorinsu da ba a horar ba. Ya tarar cewa cikin kowane mutum 100 da aka ba horon sana'a, waɗanda suka samu aikin da ba don horon ba da ba su samu ba, ba su kai 3 ba. Kuɗin horar da mutum ɗaya kuwa yakan kama daga dala 1,000 zuwa 2,000. Kuma waɗannan shirye-shirye ne da aka tsara da kyau har aka yarda a bincike su, ba irin na sati biyu da ake yi gab da zaɓe ba.

To me ya sa yaron gareji yake zama bakanike, ɗan cibiya kuma ba ya zama? A duba yadda ake yi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Uba ko kawu ne zai kama hannun yaro ya kai shi. "Maigida, ga ɗanka nan na kawo maka amana, duk abin da ya yi ka hukunta shi, in ya fi ƙarfinka ka aiko mini." Shekarar farko yaro ba ya taɓa inji. Wankin noti a cikin fetur, miƙo sifana mai lamba goma sha biyu, sayo shayi, kwanciya ƙarƙashin mota a riƙe fitila. Da rana maigida ya sayi abinci a ci tare, da yamma ya ba shi na mota. A hankali ake sakar masa birki, sannan kulochi, har ranar da za a ce ya sauke inji shi kaɗai. Cikin shekarun nan huɗu ko biyar, ba gyaran mota kaɗai ya koya ba. Direbobi sun san fuskarsa. Mai sayar da kayan gyara ya san yaron wane ne, zai ba shi kaya bashi zuwa yamma. Ya san kuɗin da ake cewa da wanda ake karɓa. Ranar sallama maigida zai ba shi 'yan kayan aiki, ya riƙa tura masa ƙananan ayyukan da suka yi masa yawa. Abinci, jari, masu ciniki da suna, duk a dunƙule suka zo masa tare da iyawa.

Cibiyar gwamnati takan ɗauki iyawar kaɗai ta koyar, ita ma a taƙaice, ta bar sauran. Garejin kuma, duk da ingancinsa, ƙofarsa guda ce: sai da mai tsaya maka. Wanda ba shi da uban da zai ce "ga amana", ko wanda ake ganin amanar ba za ta riƙu a hannunsa ba, a waje yake tsayawa. A ganina nan ne matsalar take, kuma nan ya kamata kuɗin gwamnati ya tafi.

A ɗauki masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya saɓa, ta nemi ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. An kafa musu hukuma a 2020. Amma a je cibiyoyin koyon sana'a a gani. Aji a bene na biyu, teburin yanka ya fi ƙarfin wanda ke zaune, keken ɗinkin na ƙafa ne, bayan gida kuwa ba a magana. Kurma ya zauna wata uku gaban malamin da bai iya maganar hannu ba. Makaho kuma tun zamanin Turawa ba a wuce saƙar igiya da tabarma da shi ba, alhali wayar da ke aljihunsa tana karanta masa saƙo. Sai kuma abin da ba a son faɗa a gaban baƙi: a manyan garuruwa bara tana iya kawo wa mutum abin da ya fi na ɗan koyo a yini. Wanda ke ciyar da iyali da ita, idan aka ce ya bari ya zo koyo ba tare da abin sawa a tukunya ba, an nemi ya bar 'ya'yansa da yunwa ne. Kano ta haramta barar titi a 2013, ta sake a 2020, mabarata kuma suna nan inda suke.

Inda abin ya yi kyau, dalilin a fili yake. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, ya tara 'yan uwansa masu irin lalurar suna ƙera kekunan da ake tuƙawa da hannu. A Jos ma Ayuba Gufwan ya yi shekaru yana irin wannan aiki a cibiyar Beautiful Gate, kafin a naɗa shi shugaban hukumar masu buƙata ta musamman a 2024. A irin wannan wuri waldar a ƙasa ake yin ta, daidai inda ma'aikacin yake zaune. Mai koyarwa ya san ciwon mai koyo, ba ya raina shi, ba ya kuma lallaɓa shi. Sannan akwai mai biyan kuɗin kayan, ko ƙungiya ko gwamnati ko mai hannu da shuni. Ba a ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba, gareji ne irin wanda aka sani, sai dai ƙofarsa a buɗe take ga waɗanda sauran suka rufe wa.

Almajiri labarinsa daban ne, domin shi bai taɓa zama ba aiki ba. Shi ne mai yankan farce, mai wankin takalmi, mai turin baro, mai wanke-wanke a gidan abinci. Ɗinkin hula da aikin wuyan riga ma a hannun gardawa suka daɗe. Abin da ke daƙile shi a ƙananan ayyuka shi ne iyayensa suna can wani gari, babu mai kai shi wurin maigida, kuma duk abin da ya samu yau na cikin yau ne. Ga rashin karatun boko, wanda gyaran waya ko haɗa wutar sola ba ya yiwuwa sai da ɗan abin da za a karanta lamba da shi. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, ta buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, da dama kuma sun lalace bayan an miƙa su ga jihohi. A 2023 an kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba sa makaranta. Ko da wane suna aka zo, shirin da ya tsallake alaramma ba zai je ko'ina ba, domin shi ne uban yaron a garin. Makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a, akwai kuma sarari tsakanin karatun safe da na yamma. Idan alaramma ne ya kai gardinsa wurin kafinta, ya tsaya masa, aka ɗauki nauyin abincin rana, an rufe giɓin ba tare da an gina ko aji ɗaya ba.

Na gidan yari ya fi kowa shan wuya. Dokar 2019 ta sauya wa gidajen suna zuwa na gyaran hali, kuma a wasunsu ana koyar da kafinta da ɗinki da walda, har da karatun jami'ar NOUN. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen jiran shari'a suke, su kuma galibi ba a sa su a horon, ko da za su shekara biyar a ciki. Wanda ya koya ya fito kuma, wa zai ba shi mabuɗin shago? Mai gyaran famfo da mai haɗa wuta har uwar ɗaka suke shiga, kuma unguwa ba ta mantuwa. Haka wanda ya bar shaye-shaye yake fama. Tubabbun Boko Haram da ake koya wa sana'a a sansanin Malam Sidi na jihar Gombe, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, nasu ya ƙara da wani ƙulli: mutanen da aka ƙona wa gidaje suna kallo ana ba wanda ya yi ɓarnar kayan sana'a, su ba a ba su ba. Ƙorafinsu yana kan hanya, kuma shirin da bai haɗa da su ba yana sa wanda aka horar ya rasa masu ciniki tun bai buɗe shago ba.

Mata kuwa mafi yawansu da sana'arsu aka same su: ƙuli-ƙuli, awara, ɗanwake, kitso, lalle, kiwon awaki. Abin da ke tare su shi ne goyo, da nisa, da kuɗin Adaidaita, da izinin maigida, da jarin da hidimar gida ke cinyewa. A nan makwabtanmu na Nijar sun yi wani gwaji da ya cancanci a sani. Gwamnatin ƙasar, tare da masu bincike, ta ɗauki dubban mata matalauta a ƙauyuka sama da 300, waɗanda dama ake ba su ɗan tallafin wata-wata. Dukkansu aka haɗa su ƙungiyoyin asusu irin na adashi, aka ba su mai bibiyar su, aka koya musu dabarun kasuwanci. Wasu aka ƙara musu da sefa 80,000 a dunƙule. Wasu kuma, maimakon kuɗin, aka tara garin gaba ɗaya, da mazajen da dattawa, aka nuna fim, aka tattauna a kan neman na kai ga mace, sannan aka horar da matan a kan tsara buri da iya magana da yanke shawara. Wasu aka haɗa musu duka biyun. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna duka rukunan sun samu ƙarin kuɗin shiga, kuma wanda ya fi mayar da riba idan aka duba abin da aka kashe shi ne na taron gari da horon, mai arha. Amincewar miji da ta gari ashe tana cikin jari.

Kuɗi a hannu ma yana aiki, amma kada a zuzuta. A arewacin Uganda an ba ƙungiyoyin matasa kuɗi su biya koyo su sayi kayan aiki. Bayan shekara 4 abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da kashi 38 cikin 100, bayan shekara 9 kuwa takwarorin sun kamo su. Tallafin ya gaggauta musu tafiya ne kawai, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya a gabansa.

Sai batun me ake koyarwa. Sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, jakar duwatsu. An fi son su domin a kwana biyar an gama, kayan koyarwar ba tsada, hoto kuma yana kyau. Amma idan mata hamsin a unguwa ɗaya suka koyi sabulun ruwa a mako guda, wa zai saya wurin wa? A lokaci guda masu gine-gine a Abuja da Kano suna ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu aikin silin daga Togo da Benin. Wutar sola ta shiga ƙauyuka, masu iya haɗa ta da gyara ta ba su wadata ba. Famfunan burtsatse sun mutu a gari da yawa don babu mai gyara. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kullum cike take da masu kawo gyara. Waɗannan sana'o'i suna cin wata tara zuwa shekara biyu, suna son kayan aiki na gaske, shi ya sa mai neman yaye mutum dubu kafin zaɓe ba ya kallon su. A bar maganar yadda ake cike sunayen masu cin gajiya a gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa, wannan kowa ya sani.

Takardar shaida ma tana da ranarta, in ta gaske ce. Wadda aka buga da hoton ɗan siyasa ba ta wuce bangon ɗaki. Amma gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, da jarabawar NABTEB, da sabon tsarin hukumar NBTE da ke Kaduna na gwada mai sana'a a kan abin da hannunsa ya iya ko da bai shiga aji ba, waɗannan kamfanin gini yana karɓar su. An fara irin wannan da maƙeran Panteka tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ga wanda ba shi da mai tsaya masa, takardar da baƙo zai yarda da ita tana yi masa rabin aikin kawu.

Kada a ɗauka gareji aljanna ce. Akwai duka, akwai maigidan da ke ɓoye sirrin aiki, akwai wanda zai riƙe yaro shekara takwas yana ci da guminsa ya ƙi sallamar sa, 'yan mata kuma suna gamuwa da abin da ya fi haka muni. Shi ya sa idan hukuma za ta tura marasa gata wurin masu sana'a, sai da yarjejeniya a rubuce gaban ƙungiyar masu sana'ar da mai unguwa, da wa'adi, da mai zuwa dubawa. A biya maigida kashi-kashi, kaso na ƙarshe sai yaron ya ci gwajin sana'a. A ba ɗan koyo na abinci da na mota kowane mako. Hukuma ta ɗauki lamunin kayan da ya ɓata ko ya lalace, domin tsoron asara ne ke sa a ƙi karɓar wanda ya fito daga gidan yari. Kayan sallama kuma su zo bayan an ga yana da wurin zama da masu kawo aiki. Da kuɗin da ake yaye mutum 1,000 yanzu, a haka wataƙila 200 za a iya, kuma na fi son 200 ɗin.

Mataki mafi sauƙi ma ba ya buƙatar sabon kasafi. Gwamnatocin jihohinmu su ne manyan masu sayayya kuma manyan masu ɗaukar aiki a Arewa. Duk shekara suna sayen kujerun makaranta, da kayan 'yan makaranta, da zannuwan gadon asibiti, da kekunan guragu. Su keɓe wani kaso na wannan ciniki ga shagunan da ke ɗauke da masu buƙata ta musamman da gardawa da waɗanda suka gama zaman gidan yari. Gwamnan da ke son a yarda da gaske yake kuma ya fara da sakatariyarsa: ya fitar da adadin masu buƙata ta musamman da ke cikin ma'aikatansa, ma'aikata bayan ma'aikata, a gani ko sun kai kashi 5 ɗin, ya kuma sa a yi wa matakalar ofishinsa hanyar keke. Wa'adin shekara 5 da dokar tarayya ta bayar ya cika tun Janairun 2024.